Kada Ka Sayi Kududdufi Da Sunan Fili

Akwai wani ciniki da ke yaɗuwa a birnin Katsina da kewayensa, wanda in ba a tsawatar ba zai ci gidajen mutane da dama. Ana samun kududdufi, ko tsohon ramin da aka ɗebi ƙasa, a yi ta antaya masa shara shekara biyu ko uku. Da ya kusa cika sai a kawo tifa kaɗan ta jar ƙasa a rufe sama, a baje, a kafa turaku, a ja igiya, a kira dillali. Da rani wurin yakan yi fes, ba ka bambanta shi da fili na gaskiya. Mai saye ya zo a watan Maris, ya taka ƙasa ya ji tauri, ya ji kuɗin da sauƙi, ya biya har da la'ada, ya koma gida yana yi wa iyali albishir. Ba wanda zai gaya masa cewa daminar 'yan shekarun baya, daidai inda ya tsaya ɗin nan, ruwa yana shanye ƙaton mutum har kai.

Wanda bai san yadda aka gina Katsina ba zai ɗauka waɗannan ramuka ɓarna ce ta mutanen da. Ba haka ba ne. Duk tsohon gidan da ke cikin birni daga rami ya fito. Idan kaka ta yi, aka gama kai amfani gida, sai masu tubali su shiga aiki. A haƙo ƙasa, a jiƙa ta, a tattake da ƙafa, a zuba mata ciyawa, a bar ta ta kwana biyu ta tsima, a sake tattakewa, sannan a mulmula tubali da hannu, gindi da faɗi kai da tsini, a jera a rana har ya bushe ƙamas. Magini ya aza shi tsinin yana kallon sama, bango da kauri a ƙasa yana sirancewa in ya yi sama. A kawo azarar giginya a yi rufi, a shafe bango da makuba ta ɓawon ɗorawa, a yi wa soro laso da katsin marina. Ƙasa tana da nauyi, kuma jaki ne motar ɗaukarta, saboda haka ba a zuwa nesa nemanta. Kowace unguwa a gefenta take haƙa. Ramin da ya rage shi ne kududdufi, kuma gwargwadon girman unguwa gwargwadon girman raminta.

To a nan hikimar take. Unguwar da ta rufe ƙasa da ɗakuna ta hana ruwa wurin nitsewa, amma da hannunta ta haƙa masa masauki daidai da abin da ta ƙwace. Kududdufi randar unguwa ne: indararo ya zubo a lungu, lungu ya miƙa wa hanya, hanya ta gangara da shi rami, ya zauna can yana tsiyaya ƙasa a hankali yana ƙara wa rijiyoyi ruwa har tsakiyar rani. Da shi ake kwaɓa ƙasar yaɓe, da shi dabbobi ke sha. Lungunan da baƙo ke raina wa saboda karkacewarsu, da yawa gangaren ƙasa suka bi. Shi ya sa a da ba a yarda mutum ya ɗaga dokin ƙofarsa ya tare lungu, ko ya juya bakin indararonsa ya riƙa dukan bangon maƙwabci. Mai unguwa yana gani, Sarkin Magina yana da ta cewa, alƙali kuma yana da hukunci a kan cutar da maƙwabci.

Da irin wannan ƙasar aka tayar da hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, ga ta nan tsaye har yau. Da ita aka yi ganuwa, wadda masana tarihi ke danganta katangarta ta waje da Sarki Ali Murabus. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shigo Katsina a farkon 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar da mil 13 zuwa 14, ya kuma lura cewa ɗan yanki ne kawai na cikinta ke da gidaje, mutanen garin ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Sauran duk gonaki ne da fili. Ko Turawa da suka shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903 ba su raina ginin ƙasa ba. Kwalejin Katsina da Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, da ƙasar garin aka gina ta, kuma ginin yana nan ya zama gidan tarihi. Ya haura shekara 100. Nawa ne daga cikin gidajen bulo da ake yi yau za su kai rabin haka?

Abin ya fara sauyawa sosai daga 23 ga Satumba, 1987, ranar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, garin ya zama hedikwata. Ma'aikata suka dawo daga Kaduna, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Katsina mutum sama da 318,000, kuma tun daga nan garin bai tsaya ba. Ya fita ta Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya ya nufi Batagarawa da hanyar Dutsinma, inda jami'o'i da kwalejoji suka ja gidajen haya. Ya fita ta Ƙofar Sauri da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa, ya laƙume gonakin Kwaɗo da Modoji da Kambarawa da Shinkafi. A 'yan shekarun nan kuma ga bayin Allah da 'yan bindiga suka koro daga yankunan Batsari da Jibiya da Safana, waɗanda suka sayar da abin da ya rage musu don su sami ko ɗaki ɗaya a cikin gari. Su ne suka fi faɗawa tarkon nan, domin ba su san tarihin wurin ba, kuma araha suke nema.

Yawancin wannan faɗaɗa ba a kan taswirar gwamnati aka yi ta ba, awon igiya ne. Mai gona ya sayar wa ɗan kasuwar fili, shi kuma ya yanyanka ta yadda zai fitar da fuloti mafi yawa. Hanyar da ya kamata mota biyu su gifta sai a bar ta da ƙyar Keke Napep ya wuce. Ba a ware wurin lambatu, ba a ware filin makaranta, balle a yi maganar inda ruwa zai bi. Idan akwai kwari ko tsohon ramin birji a tsakiyar gonar, ba za a bar shi ba, shi ma fuloti ne, sai dai a rage masa kuɗi. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma filin birni shi ke da ikon bayar da takardar mallakarsa. Amma a aikace, abin da mai saye ke riƙe da shi sau da yawa 'yar takardar ciniki ce da sa hannun shaidu da hatimin mai unguwa. Wannan takarda tana shaida cewa ka biya kuɗi. Ba ta shaida cewa wurin ya ginu.

Ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin gidan da aka ɗora a kan ciko. Shara ba ƙasa ba ce. Tsumma ne da leda da toka da kashin dabbobi da ragowar abinci da gwangwani. Mai ruɓewa yana ruɓewa shekara da shekaru, yana barin kogo. Leda ba ta ruɓewa, sai ta riƙe ruwa a tsakani. Don haka ƙasar ba ta sauka gaba ɗaya, wani gefen ya riga wani. Shekarar farko ba za ka ga komai ba. Ta biyu ko ta uku sai ƙofa ta fara cijewa, sai tsaga ta fito daga kusurwar taga ta nufi sama a karkace. A kira birkila ya toshe da siminti, damina ta gaba ta sake buɗewa, ta fi da faɗi. Daɓen ɗaki ya riƙa amsa kuwwa in an taka. Laima ta hau gindin bango ta ci filasta, gishiri ya fito fari fat, kayan ɗakin amarya su yi funfuna. Masai ya cika da ruwa tun farkon Agusta ya riƙa tumbatsa a tsakar gida. Wanda ya haƙa rijiya a irin wannan wuri kuwa, ruwan da ya ratsa ta cikin jujin unguwa yake ba 'ya'yansa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma wannan bawan Allah ba a gaya masa rariya ce ba.

Ko da mai ginin yana da hali, ya haƙa harsashi har ya taɓo ƙasar asali, ya zuba kankare da rodi, ya ɗaga gidansa sama da titi, bai kashe maganar ba. Ya dai tura ta gidan wani. Ruwan da ya saba sauka a nan bai san an sayar da wurin ba. A yi lissafi: ruwan sama na milimita 50, wanda yakan sauka a dare ɗaya a tsakiyar damina, idan ya zuba a kan fuloti ɗaya mai ƙafa 50 a 100 da aka rufe da kwano da siminti, ya kai kusan lita 23,000. Jarka fiye da 900 ke nan ta 'yan garuwa, daga gida ɗaya tak. A ninka da gidajen unguwa guda. Da can duk wannan rami yake tafiya. Yanzu zai tsaya a lungu, ya nemi gidan da ya fi ƙasa, wanda kusan kullum shi ne tsohon gidan ƙasa na talakan da kakanninsa suka haƙa ramin tun farko. Ruwa ya kwanta a gindin bangon tubali kwana biyu, bango ya jiƙe ya zauna. Sai a ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Ƙarya ake yi masa. Ginin ƙasa yana jure ruwan da ya zubo daga sama in ana yi masa yaɓe, abin da ba ya jurewa shi ne ruwan da ya kwanta masa a ƙafa.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Kududdufan yau ba irin na da ba ne. Sun zama matattarar kwatamin unguwa da leda da mushe, sauro yana ƙyanƙyasa a ciki, wari ya hana maƙwabta sakat, kuma kusan kowace damina sai an ji yaro ya tafi wanka bai dawo ba. Uwar da ta rasa ɗa a kududdufi ba za ka yi mata wa'azin tarihi ba. Sai dai mu muka mayar da su haka. Maganin ramin da ya ƙazantu shi ne a yashe shi, a kewaye shi, a hana zuba shara, a yi masa mafita zuwa babban magudani. Idan kuma ya zama dole a cike wani, sai a fara gina hanyar da ruwansa zai bi, a cike da ƙasa ta gaskiya ana daddannewa, a bar shi fili na jama'a, ko na ƙwallo ko na Idi ko na itatuwa, wanda in ruwa ya kwanta a kai kwana ɗaya ba a yi asarar rai ba. Abin da ake yi yanzu akasin haka ne: ana barin rami ya ƙazantu da gangan, domin ƙazantar ita ce hujjar cikewa, cikewar kuma ita ce hanyar sayarwa.

Wani abin takaicin shi ne ba a daina haƙa ba. An dai matsa da ita bayan gari. Bulon siminti ya kori tubali, amma shi ma yashi yake ci, ga birjin ciko da na hanya. Ka bi kowace hanya da ta fita daga Katsina, za ka ga gidajen bulo a jere da injinansu, ka ga tifa tana shiga daji tana fitowa. Mai tubalin da yana ɗiba da magirbi da kwando, ramin da zai yi a shekara bai kai wanda katafila ke yi a mako ba. Ramukan yanzu masu zurfi ne, bakinsu a tsaye, ba a yi su don wata unguwa ba, kuma ba mai kula da su in an tashi. Suna cin gonar maƙwabci ta ƙarƙashi, suna rufta wa masu haƙa, da damina su cika su zama tarkon yara da dabbobi. Masu ɗibar yashi a rafi suna zurfafa shi, gaɓa tana zaizayewa. Bayan shekara goma gari zai iso wurin, a cika ramin da shara, a ja igiya. Yau ake haƙa fulotin da za a cuci wani da shi gobe.

Shi kansa bulon abin dubawa ne. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, wasu masu gidajen bulo suka koma ƙara yashi suna rage siminti, don kada farashi ya kori mai saye. Bulon kirki yana son a riƙa ba shi ruwa kwanaki kafin a ɗora shi a gini, amma sai ka ga wanda aka buga jiya ana loda shi yau. Ka murza gefensa da yatsa ya zube. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, akwai masu tsoron Allah a sana'ar, magina sun san su, sai dai bulonsu ya fi tsada. To ka haɗa ruɓaɓɓen bulo da ƙasar ciko da ruwan da ba shi da hanya, ka gaya mini abin da ka gina.

Ganuwa kuwa, da wuya a kira abin da ya same ta da wani suna ban da ci. Ana yanko ta a yi ciko, ana baje ta a kafa shago, ramin da ke bayanta wanda ke karɓar ruwan birni ya zama gidaje. An gyara ƙofofi da siminti sun yi kyau, amma a wurare da yawa ƙofa ce tsaye ba bango dama da hagu. Yaron da aka haifa a Sabuwar Unguwa zai iya girma bai taɓa sanin ta inda ganuwar ta bi ba. Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya je Kano ya dubi abin da ya rage na badala da kududdufanta, sannan ya tambayi mutanen cikin birni yadda suke kwana in hadari ya haɗu.

Kada kuma wani ya ruɗi kansa da cewa Katsina ƙasar fari ce. Ruwanmu ba shi da yawa a lissafin shekara, amma a dunƙule yake zuwa, mafi yawansa a Yuli da Agusta. A watan Yulin 2018 ruwan dare ɗaya ya kashe sama da mutum 40 a Jibiya, ya rushe ɗaruruwan gidaje. A daminar 2024 jihar Maraɗi, da ke nan maƙwabtanmu, tana cikin inda ambaliya ta fi yi wa ɓarna a Nijar, kuma a farkon Satumbar shekarar tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. Sama ɗaya ce a kanmu da su. An kashe maƙudan kuɗi a kan manyan magudanai a Katsina da Jibiya a ƙarƙashin shirin NEWMAP da Bankin Duniya ya tallafa, amma magudani ba ya aiki in ruwan unguwa ba shi da lungun da zai bi ya kai gare shi, ko in an mayar da shi bola. Da yawa daga abin da ya tsira daga cikin gari kuma rafin Ginzo yake faɗawa, inda 'yan lambun Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri ke ban ruwan latas da kabejin da muke saye.

Masu unguwanni da dagatai, ku ne kuka fi kowa sanin inda ramukan suke, domin a gabanku aka haƙa wasu, a gabanku aka cike su. Hatiminku shi ke sa baƙo ya saki jiki ya biya. In kun buga shi a kan ciko kuna sane, kuna da kaso a duk bangon da ya faɗa wa yaro. Dillalai, ɓoye aibin abin sayarwa algus ne, kuma malamai sun sha karanta mana a Bukhari da Muslim irin azabar da ke jiran wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci. Lungu da hanyar ruwa da kududdufin unguwa haƙƙin jama'a ne, wanda ya ci su bai san ma adadin mutanen da zai nemi yafiyarsu ba. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari da rani, lokacin da ake cinikin, kada a bari sai ranar jana'iza.

Hukumar tsara birane ta jiha da KATGIS, mai adana bayanan filaye, suna da abin da ake bukata. Akwai tsofaffin taswirori, akwai hotunan sama na shekarun baya da ke nuna kowane rami a fili. A fitar da sunayen kududdufan da suka rage unguwa unguwa, a kafa musu alama, a shelanta a rediyo cewa ba na sayarwa ba ne kuma ba za a taɓa ba su takarda ba. A hana tun ana kafa turaku. Zuwa da jan fenti bayan talaka ya kai linta ba tsari ba ne, domin wanda ya sayar ya riga ya ci kuɗinsa ya yi gaba, kuma ba a taɓa jin an shafa masa fenti ba. Masu haƙar birji da yashi a iyakance musu wuri da zurfi, a kuma ɗaure su da gyara ramin kafin su tashi. Majalisar Sarki tana da bakin da in ta ce a bar ragowar ganuwa, za a bari.

Kai kuma mai niyyar saye, kada ka biya kuɗin fili da rani in ba ka gan shi da damina ba. Ka je washegarin babban ruwa ka duba da idonka. Ka bar dillali a mota, ka nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a wurin, ko matan da ke maƙwabtaka, ka tambaye su me ke nan a da. Ka dubi bangon gidajen kewaye, ko akwai tsaga, ko akwai zanen da ruwa ya bari. Ka buɗe Google Earth ka ja hoton baya shekara goma ko sha biyar. Sannan ka ɗauki lebura ya haƙa maka rami a tsakiyar filin, ya wuce ƙugunsa. In ya fara fito da leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari, ka biya shi kuɗin aikinsa, ka riƙe sauran kuɗinka, ka kuma gaya wa duk wanda ka ji yana neman wurin.